Kafin A Sauke Giyabos: Yadda A Ke Gane Ciwon Tsohuwar Mota Mai Atomatik

Duk wanda ya tsaya bakin titi a Nima ko Aboabo da safe ya leƙa cikin motocin da ke wucewa, zai ga abin da muka daɗe muna gani, watau ƙafar hagu ta direbobi da yawa ta samu hutu. Mota mai giyar atomatik, wadda iyayenmu direbobi ke yi wa kallon motar ragwaye, yanzu ita ce ta cika zangunanmu. Tun da ƙasar Gana ta koma tuƙi a hannun dama cikin 1974, motocin Amurka da na Turai suka dace da hanyoyinmu, ga kuma na Koriya da Japan da ke sauka a tashar jirgin ruwa ta Tema. Galibinsu gwanjo ne. Sun riga sun ci duniya a hannun wasu kafin su iso gare mu, kuma ba mu san irin riƙon da aka yi musu ba.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana a wannan wata shi ne wani abu da ya faru da maƙwabcinmu, magidanci mai 'ya'ya biyar, wanda ba shi da wata sana'a sai tasi. Motarsa ta fara wani hali. Da asuba in ya sa giya sai ta yi jim kafin ta kama, in kuma ya sha kwana ko ya hau tudu sai inji ya yi ihu motar ba ta gaba. Ya kai ta wajen makaniki, wanda mu ke kira fita a nan. Fita bai ko buɗe bonet ba, ya zaga da ita sau ɗaya ya dawo ya yanke hukunci cewa giyabos ya mutu, sai a sayo wani. Kuɗin da aka faɗa masa sun fi abin da ya ke tarawa a wata uku. Har maganar sayar da keken ɗinkin uwargidansa ta taso. Allah Ya taimake shi, wani dattijon masta da ya je gaisarwa ya ce a kawo motar ya gani. Dattijo ya zaro geji, ya ga mai bai ko taɓa bakin alama ba. Ya bi tiyo har gindin lagireto, ya tarar da inda ya tsage yana ɗiga. Aka sake tiyo, aka ƙara mai lita biyu, mota ta koma aiki, keken ɗinki ya zauna a ɗakinsa.

Ba mu ce kowace matsala haka ta ke ƙarewa ba. Akwai giyabos da ya mutu da gaske, kuma za mu zo kansa. Nufinmu shi ne mai mota ya san tambayoyin da zai yi da abubuwan da zai duba da idonsa kafin ya yarda a kwance masa abu mafi tsada a motar bayan inji.

Yadda abin ya ke aiki

Giyar atomatik ba sabon abu ba ce. Kamfanin General Motors na Amurka ya fara sa ta a motocin Oldsmobile samfurin 1940 da sunan Hydra-Matic. Tun daga lokacin har yau, sirrinta ɗaya ne: mai.

A mota mai giyar hannu, direba ke taka kuloci ya raba inji da giya. A atomatik kuwa, tsakanin inji da giyabos akwai wata rufaffiyar tukunyar ƙarfe cike da mai, wadda fitoci ke kira kwanbata. A cikinta akwai fanka biyu suna fuskantar juna. Inji na juya ta farko, ita kuma ta watsa mai ya juya ta biyu, ta biyun ta tura ƙarfi cikin giyabos. Shi ya sa mota ke iya tsayawa a kan giya inji bai mutu ba.

Bayan kwanbata akwai famfo. Inji ne ke juya shi, shi kuma ya matsa mai ya bi ta wasu siraran hanyoyi masu bawul-bawul, ya je ya danne jerin faya-fayen kuloci da ke jiƙe cikin mai. Kowane jeri aka danne, wata giya ce ta shiga. A tsofaffin motoci, waya daga totur da wani ma'aunin gudu ne ke faɗa wa bawul lokacin canji. A motocin da suka biyo baya, kwamfuta ce ke yanke shawara, ta aika wuta zuwa wasu ƙananan famfunan lantarki da a ke kira salanoyid, su buɗe wa mai hanya ko su rufe.

To, ka ga man nan aiki huɗu ya ke yi. Shi ke ɗaukar ƙarfin inji, shi ke danne kuloci, shi ke hana ƙarafa cin juna, shi ke kwashe zafi. In ya ragu, ko ya ƙone, ko ya gurɓata, ko kuwa ba irinsa aka zuba ba, duk ayyukan nan huɗu sai su tabarbare tare. Saboda haka bincike daga mai ya ke farawa.

Geji ba ya ƙarya

Yawancin direbobinmu sun san duba baƙin mai, amma kaɗan ne suka san man giya ba haka a ke duba shi ba. A yi tafiya kamar ta kilomita goma sha biyar mota ta ɗauki zafi. A tsaya a fili shimfiɗaɗɗe, a ja birkin hannu, a bar inji yana aiki. A taka birki a bi da sandar giya ta kowace alama, P da R da N da D har ƙasa, ana ɗan dakatawa a kowace, sannan a mai da ita P. A zaro geji a goge da farin ƙyalle, a mayar, a sake zarowa. Mai ya kamata ya tsaya tsakanin alamomin da aka rubuta wa HOT. Tsofaffin motocin Honda su ne suka saɓa wa wannan. Su sai an kashe inji, a auna cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi da kashewa.

In mai ya yi ƙasa, famfo zai riƙa zuƙar iska, giya ta riƙa jinkiri da zamewa, kamar yadda ta yi wa maƙwabcinmu. In kuma an cika shi ya wuce alama, ƙarafan da ke juyawa za su kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta iya danne kuloci. Tazarar da ke tsakanin alamomin nan biyu ba ta cika wuce rabin lita ba, don haka a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan ana aunawa.

Sai a dubi abin da ya fito a farin ƙyallen. Mai lafiyayye ja ne garau, ana iya hango ƙyalle ta cikinsa. In ya koma ruwan ƙasa amma ba ya wari, ya tsufa, lokacin sake shi ya yi. In ya yi baƙi yana ƙaurin abin da ya ƙone a wuta, faya-fayen kuloci sun fara cinyewa. In kuwa ya fito kamar an dama jan abu da madara, ruwa ya shiga, kuma wannan ba ya jiran gobe. Ruwa na narkar da danƙon da ke riƙe da fatar faya-fayen kuloci. Hanyoyin shigarsa biyu ne. Na farko, a yawancin motoci man giya na bi ta wani bututu a cikin lagireto don ya huce, in bututun ya fashe sai ruwa da mai su haɗu. Na biyu, ambaliya. Mutanen Ankara ba su manta da daren 3 ga Yuni, 2015 ba, kuma kowace damina akwai unguwannin da ruwa ke kai wa ƙofar mota. Giyabos yana da ƙaramar kafar shan iska a samansa, in ruwa ya rufe ta sai ya shige. Motar da ta nutse, kada a tuƙa ta sai an duba man giyarta.

Akwai motocin da ba su zo da geji ba, kamar Marsandi masu giya biyar da aka fara yi a tsakiyar shekarun 1990 da motoci da yawa na baya-bayan nan. Wasu da geji na musamman a ke auna su a gareji, wasu ta wani noti a jikin giyabos, a kan wani ƙayyadadden zafi. Rashin geji ba ya nufin mai ba ya tsufa.

Mu ƙara da cewa man giya ba ya ƙonewa ya ragu kamar baƙin mai. In ya ragu, wani wuri ya ke bi. A shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota da dare, da safe a ga inda jan ɗigo ya sauka. In ta gaba ne, a dubi tiyon lagireto. In daidai kwanon giya ne, gaskit ne ko noti. In ta gefe ne, sil ɗin da sandar taya ke shiga ne. Duk waɗannan gyaransu ba ya buƙatar sauke giyabos. Wanda ke ɗiga daga mahaɗar inji da giyabos shi ne sil na gaba, shi kam sai an sauke, amma sake sil a ke yi, ba sayen sabon giyabos ba.

Ba kowane jan mai ne naka ba

Wannan shi ne kuskuren da ya fi kashe giyabos a garuruwanmu. Mutum ya je shago ya ce a ba shi man atomatik, a miƙo masa duk jan man da ke kusa. Dexron, wanda General Motors ya fito da shi a 1967, ya yi zamani iri-iri har zuwa Dexron VI na 2005, kuma tsofaffin motoci da yawa da shi su ke aiki. Amma Toyota na da T-IV da WS, Honda na da Z1 da DW-1 wanda ya gaje shi, Ford na da Mercon, ƙananan motocin Hyundai da Kia masu giya huɗu na son SP-III. Kowane mai da irin santsin da aka tsara faya-fayen kuloci su yi aiki da shi. Sau da yawa sunan man na nan a rubuce a jikin geji ko a littafin mota.

Sai kuma wata irin giya da a ke kira CVT, wadda ke cikin Nissan da yawa, da Toyota Vitz ta Japan daga 2005, da yawancin Corolla na Amurka daga 2014. Ita ba ta da giya ɗaya, biyu, uku. Bel ne na ƙarfe ke gudu tsakanin wasu gare-gare biyu masu buɗewa da tsukewa. Manta daban ne, kamar NS-2 da NS-3 na Nissan. Wanda ya zuba mata Dexron ya sa hannu a takardar mutuwarta.

Mota na magana, a saurare ta

Likita ba ya gane ciwo in majiyyaci ya ce kawai ba ya jin daɗi. Kafin ka je gareji, yi kwana biyu kana lura. Abin da safe ya ke faruwa ko sai mota ta yi zafi? A wace giya? A wane gudu? A tudu ko a shimfiɗa? Akwai fitilar da ke kamawa? Ga ma'anar alamun da aka fi gani.

Jinkirin kamawa. In ka sa D ko R, giya lafiyayya ba ta wuce daƙiƙa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba ta kama ba. In tana kai uku ko huɗu, a zargi ƙarancin mai, ko matatar mai da ta toshe, ko sil-sil na ciki da suka bushe. In da safe kaɗai ta ke yi, ta warware da zafi, galibi tsufan sil ne, kuma irin wannan motar na iya daɗewa tana aiki in ana lallaɓa ta.

Zamewa. Inji ya yi ƙara, allurar juyin inji ta tashi, gudu bai ƙaru ba. In a kowace giya ne, matsin mai ne ya yi ƙasa, watau a dubi mai, matata da famfo. In a giya ɗaya tak ne, ko a tsakanin biyu da uku misali, to kulocin wannan giyar ne ko salanoyid ɗinta. Motar da ke zamewa, kowace kilomita aka ƙara da ita ƙarin ƙuna ne. Kada a ce bari a je Tamale a dawo tukuna.

Tafiya sannan tsayawa. Mota ta yi tafiyar minti goma lafiya, sai ta saki kamar an sa ta a N. A kashe ta a jira, a tayar, ta sake tafiya kaɗan. Wannan halin matata ce da ta toshe. Famfo na zuƙo datti ya manne, in an kashe inji dattin ya zube. Sake matata na iya tayar da motar, amma a tambayi kai daga ina dattin ya fito.

Maƙalewa a giya ɗaya. Mota ta tashi da nauyi, ta ƙi canji, tana giya ta biyu ko ta uku duk inda ka je. Direbobi da yawa nan su ke yanke ƙauna, alhali kwamfuta ce ta ga abin da bai yi mata ba, ta kulle giya don kare ta har ka kai gareji. Sau da yawa laifin wata sansa ce, ko waya da ta tsinke, ko soket da ya yi tsatsa. In an kashe mota an tayar ta dawo daidai na ɗan lokaci, zargin lantarki ya ƙara ƙarfi.

Karkarwa a tsakanin gudun kilomita 60 zuwa 80, kamar an hau gargada alhali titi sumul ya ke. A cikin kwanbata akwai wani kuloci da ke kulle fankokin nan biyu in mota ta miƙe, don rage shan fetur. In ya fara gajiya ko mai ya tsufa sai ya riƙa karkarwa. Ga gwaji mai sauƙi a inda babu cunkoso: kana riƙe da totur yadda ya ke, ka ɗan taɓa birki da ƙafar hagu daidai yadda fitilar birki za ta kama. A yawancin motoci wannan na sakin kulocin. In karkarwar ta ɓace nan take, shi ne. In ta ci gaba, koma wajen fulogi da wayoyinsu ko taya. In kuma mota na mutuwa duk lokacin da ka zo tsayawa, kamar mai giyar hannu da aka manta taka kuloci, wannan kulocin ne ya ƙi saki.

Ƙin tashi a P. In makulli ya ƙi juya inji a P amma ya tashi a N, wani makunni ne a gefen giyabos da ke gaya wa mota inda sandar giya ta ke, ko kuwa wayar sandar ce ta saki. Ƙaramin gyara ne.

Masu ɗora wa giya laifi

Ba duk abin da aka ji a giya ne ciwon giya ba. Robobin da inji da giyabos ke zaune a kai, in sun yage, za ka ji ƙum duk sanda ka sa D ko R. Inji mai gudu da yawa a tsaye shi ma yana sa giya ta shiga da duka. Sansar totur da sansar iska, in suna ba kwamfuta labarin ƙarya, giya za ta riƙa canji ba kan lokaci ba. Salansa da ta toshe na hana inji ƙarfi, direba ya ƙara taka totur, giya ta riƙa jinkirin hawa. Batir mai rauni, ko dinamo da ba ya caji sosai, ko wayar ƙasa da ta yi tsatsa, na iya rikita kwamfutar giya sarai. Ƙas-ƙas a lokacin shan kwana kuwa na sandar taya ne. Fita na kirki sai ya wanke waɗannan daga zargi kafin ya taɓa giyabos.

Tambayi kwamfuta, amma da hankali

Duk motar da aka yi don kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, wanda a ke kira OBD-II. Motocin fetur na Turai sun bi sahu daga 2001. Ana jona na'ura a nan ta karanto lambobin da kwamfuta ta ajiye. P0700 na cewa ne kawai kwamfutar giya na da ƙorafi, sai an shiga cikinta an ji mene ne, kuma ƙananan na'urori masu araha ba duka ke iya shiga ba. P0715 sansar gudun shiga ce, P0720 ta gudun fita, P0740 kulocin kwanbata, P0750 salanoyid na farko. P0730 kuwa na nufin gudun da ya shiga da wanda ya fita ba su dace da giyar da aka sa ba, watau ana zamewa.

A lura, lamba tana nuna unguwar da matsala ta ke ne, ba ta nuna gida ba. Lambar salanoyid na iya zama waya ce ɓera ya ci. A Marsandin da muka ambata, an san soket ɗin giyabos da yoyon mai, man ya bi cikin waya har ya kai ga kwamfuta. Ka sa a rubuta maka lambobin a takarda kafin a goge su.

Motocin da suka girmi wannan tsari su ma suna magana. A Honda, fitilar D4 ce ke ƙiftawa. A Toyota ta farkon shekarun 1990, fitilar O/D OFF ce, kuma in aka haɗa TE1 da E1 a akwatin bincike da ke cikin bonet, fitilar za ta ƙifta lambar: 42 sansar gudu, 62 da 63 salanoyid na canji, 64 na kulocin kwanbata.

Waɗanda ba su da kwamfuta sam, kamar tsofaffin Marsandi 190 da 200 da Corolla mai giya uku, a dubi wayar da ta taso daga totur zuwa giyabos. In ta yi sako-sako giya za ta riƙa hawa da wuri da laushi har ta ƙone, in ta yi tsauri za ta riƙa jinkiri da duka. A tsofaffin Marsandi akwai kuma wani ɗan gwangwani a jikin giyabos mai siririn tiyon iska, wanda ke daidaita matsin mai. In tiyon ya fashe giya za ta riƙa duka. In fatar cikin gwangwanin ta yage a motar fetur, inji zai riƙa zuƙe man giya yana fitar da farin hayaƙi, mai na raguwa ba a ga ɗigo a ƙasa ba.

A buɗe kwano kafin a sauke

In duk an bi waɗannan ba a gano ba, saura abu biyu. Na farko a auna matsin mai da agogon awo a jikin giyabos, a kwatanta da abin da littafin motar ya ce. Na biyu a kwance kwanon ƙasa, a motocin da ke da shi, kana tsaye. A cikinsa akwai maganaɗisu. Laushin toka-toka a jikinsa al'ada ce ta tsufa. Amma in ka ga baƙin gari mai yawa kamar dusa, fatar kuloci ce. In ka ga ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli ko gutsattsarin da yatsa ke ji, wani ƙarfe ya karye a ciki. A nan kam babu ja, sai a sauke.

Wasu fitoci na danne birki su taka totur har ƙasa a kan giya don su ga inda allura za ta tsaya. Gwaji ne na gaskiya, amma bai kamata ya wuce daƙiƙa biyar ba, domin yana dafa mai nan da nan.

Game da sake mai, a sani cewa in an kwance noti an tsiyaye, abin da ke fita bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi ba, sauran na cikin kwanbata. Don haka a kan sake, a yi tafiyar kwanaki, a ƙara sakewa. Sabon mai na gyara giyar da ta fara nauyi, amma ba ya mayar da fatar kulocin da ta ƙone. Wani lokaci ma zamewar sai ta ƙara fitowa fili bayan an sake, domin garin da ke cikin tsohon man ne ke ɗan taimaka mata kamawa. Ba sabon man ne ya kashe ta ba, dama ta zo gargara.

In ya tabbata ya mutu

Hanya biyu ce, ko a kwance a sake kayan ciki, ko a sayo na gwanjo a Suame Magazine ta Kumasi ko Abossey Okai ta Ankara. Wanda zai saya ya tafi da lambar da ke jikin nasa giyabos, domin mota iri ɗaya ta shekara ɗaya na iya zuwa da giyabos daban-daban, soket ya ƙi shiga ko kwamfuta ta ƙi amincewa. A shinshina man da ya rage a ciki, a nemi a buɗe kwano. A yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce, gaban shaida. A tabbata an wanke tiyo da bututun lagireto kafin a ɗaura, kuma kada a mayar da tsohuwar kwanbata, domin duk dattin wanda ya mutu na cikinsu. In ruwa ne ya kashe na farko, lagireto ma sai an sake shi. Araha ba ta ado.

Riƙon yau da kullum

Babban abokin gabar giya zafi ne. Manta ya fi son wajen digiri 80 a ma'aunin Selsiyos, in ya daɗe a sama da 120 sai ya fara ƙonewa, sil su bushe. Cunkoson Ankara, lodin da ya wuce ƙima, da zafin Maris a hanyar Tamale zuwa Bolgatanga duk suna gajarta masa kwana, saboda haka lafiyar lagireto da fanka lafiyar giya ce. A hawan dutse irin na Aburi ko Kwahu, in giya na ta hawa da sauka, a mai da sanda 3 ko 2, haka ma a gangara, kuma kada a sa N don tsimin fetur. Kada a riƙe mota a tudu da totur, aikin birki ne. Kada a sa R ko P sai mota ta tsaya cak. Atomatik ba ta tashi da turi, domin famfo ba ya juyawa sai inji na aiki. Saboda wannan dalilin ne kuma ba a jan ta da igiya tafiya mai nisa, ƙarafa za su yi ta juyawa babu mai. Littattafan motoci da yawa sun iyakance ja ga kilomita 50 a gudun da bai wuce 50 ba, wasu sun hana ɗungum. Gara a ɗaga tayoyin da ke ja ko a ɗora ta a kan janwe.

Ga 'yan'uwanmu fitoci kuwa, musamman samarin zango da ke koyon aiki, muna roƙon a riƙa cewa ban gane ba in ba a gane ba, a tura mutum wajen wanda ya ƙware. Wannan ba ya rage wa masta daraja. Mai mota kuma ya daina jin kunyar tambaya, ya nemi a nuna masa mai, da lamba, da abin da ke cikin kwano, in hukuncin ya yi tsada ya ji ta bakin fita na biyu.

Maƙwabcin namu yanzu farin ƙyalle ba ya rabuwa da aljihun motarsa. Kowace Juma'a in ya dawo daga aikin safe, kafin ya yi shirin masallaci, sai mu hango shi ya ɗaga bonet yana duba geji. Allah Ya tsare mana hanyoyinmu, Ya sa albarka a cikin sana'o'inmu, amin.